SHARHI: Kafin a auna ma'aikatan Tasawa da Mayahi, a fara duba tiyar awon

A ƙarshen kowane wata, a cibiyoyin lafiya na ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi da ke jihar Maraɗi, akwai wani aiki da marasa lafiya ba sa gani. Bayan layin mata masu goyo ya watse, shugaban cibiya, wanda aka fi sani da manjo, yakan zauna da manyan littattafan rajista yana ƙirge: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a likita, yara nawa masu tamowa aka karɓa, nawa suka warke, nawa iyayensu suka daina kawo su. Waɗannan alƙaluma ne ke tafiya ofishin lafiya na gunduma, a shigar da su manhajar DHIS2, su wuce Maraɗi, su ƙarasa Yamai.

Da su ake yanke wa cibiyar hukunci, a ce ta yi ƙoƙari ko ta gaza. Sunan da ke saman takardar na cibiya ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai manjo, da ungozoma, da mai karɓar kuɗi, da mai shara, da 'yan sa-kai, da wakilan lafiya na ƙauyuka da ke bi gida-gida. Ana auna su gaba ɗaya, kamar hatsin da aka zuba a buhu ɗaya.

Shin wannan adalci ne? A ganina, auna ma'aikata a ƙungiyance shi ya fi dacewa da irin aikin da ake yi a likita da makarantar ƙauye. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma mafi girmansu ya rataya ne a wuyan masu awon, tun daga gunduma har ma'aikatar minista.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

A ranar 22 ga Agustan 2024, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sanar da rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati tare da mayar da haihuwa kyauta, matakin da ya fara aiki a farkon watan Satumba. Talaka ya yi maraba da shi. Amma ga ma'aikacin cibiyar ƙauye, ma'anarsa ita ce a sa ran ƙarin jama'a a bakin ƙofa, alhali kuɗin da ake karɓa hannun kowane majinyaci, wanda da shi ake sake sayen magani da sallamar wasu ƙananan ma'aikata, ya ragu.

A ɗaya ɓangaren, tallafin waje ya ja baya. Rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya taɓa ayyukan lafiya da na abinci mai gina jiki a ƙasashen Sahel da dama. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, kowane mai bayarwa, gwamnati ce ko ƙungiya, yakan fara tambayar abin da aka yi da wanda ya bayar jiya.

Jihar Maraɗi na tsakiyar wannan muhawara. A watan Satumbar 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin Lafia-Iyali na dala miliyan 125, domin lafiyar mata da yara a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma daga cikin hanyoyin da ya tanada akwai biyan cibiyoyin lafiya gwargwadon sakamakon aikinsu. Nauyin da ke kan cibiyoyin ba ƙarami ba ne. A ƙidayar 2012, Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum 500,000, sannan binciken lafiyar al'umma na wannan shekara ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jihar Maraɗi ya kai 8.4, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Duk wani ma'auni da za a kafa a nan, rayukan mata da jarirai ne a kan sikelinsa.

Darasin jarrabawar 2017

Nijar ta taɓa gwada ɗaya hanyar, wato auna mutum shi kaɗai. A ranakun 15 da 16 ga Yulin 2017, a zamanin ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé, aka zaunar da dubban malaman kwantiragi suka rubuta jarrabawa. Ƙungiyoyin malamai sun yi kiran a ƙaurace mata, suna cewa a cikin aji ya kamata a tantance malami, a gaban ɗalibansa. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. An soke kwantiragin waɗanda suka faɗi warwas da waɗanda suka ƙi zama, aka ce sauran za a ƙara masu horo.

Gwamnati tana da hujja. Binciken PASEC na 2014 ya nuna yaran Nijar da ke kammala firamare da ƙwarewar karatu da ta wadatar ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Malamin da bai iya lissafin ajin da yake koyarwa ba, babu wata dabara da za ta sa ya koyar da shi. Ta wannan fuska jarrabawar ta tona asirin da ya kamata a tona.

Amma akwai tambayoyin da takardar jarrabawa ba ta iya amsawa. Ba ta san malamin da ke zuwa aji ran Litinin da wanda sai Laraba ake ganinsa ba. Ba ta san daraktan da ke zama da sabon malami bayan an tashi yana nuna masa yadda ake shirya darasi ba. Yaron da ya kai ajin ƙarshe ya bi ta hannun malamai da dama, kuma abin da ya iya ko ya kasa haɗin gwiwarsu ne, da na iyayen da suka bar shi a aji ko suka ɗauke shi zuwa gona. Haka abin yake a likita. Macen da ta haihu lafiya a Kanambakashe ta ci moriyar wakilin ƙauye da ya lallashi mijinta, da mai amalanken da ya kawo ta, da ungozomar da ta tashi tsakar dare, da wanda ya tafasa kayan aiki tun da rana. A cikinsu wa za a ba makin?

Abin da gayya ta riga ta sani

Bahaushe bai jira masana harkar gudanarwa ba kafin ya san wannan matsala. A gayya, abin da mai gona ke dubawa shi ne ko an gama nome gonar kafin rana ta yi sanyi. Sakamakon na kowa da kowa ne. Duk da haka kowane saurayi da layinsa, kuma idon jama'a na kai. Makaɗi na wasa wanda ya yi gaba, wanda ya gama yakan juyo ya tari na baya, raggo kuwa ba ya buƙatar a rubuta sunansa, domin gari ya gan shi. Sannan akwai wajibin mai gayya: fura da tuwo da goro su iso a kan lokaci. Wanda ya tara mutane ya bar su da ƙishirwa, baɗi ya kira ya ga wanda zai amsa.

Tsarin ya tsaya ne a kan waɗannan ƙafafu: sakamako na tare, rabon kowa a fili, da cika alkawarin wanda ya kira aikin. Yawancin tsare-tsaren awon ma'aikata da ake kawo mana sukan ɗauki ta farko, su ɗan taɓa ta biyu, su manta da ta uku.

Me aka gani a inda aka gwada?

Tsarin biyan cibiya gwargwadon aiki yana tafiya ne kamar haka. Ana sa wa kowane aiki farashi, misali haihuwa a likita ko yaron da ya kammala rigakafi. Masu tantancewa su zo su duba rajista, a bi wasu marasa lafiya har gida a tabbatar da gaske sun zo, sannan a ba cibiyar maki kan inganci, kamar tsafta da samuwar magani. Kuɗin da suka fito, wani kaso a gyara cibiya da shi, wani a raba wa ma'aikata a matsayin tukwici.

Ƙasar Ruwanda ce ta yi wa tsarin suna. Wani bincike da Paulin Basinga da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar The Lancet a 2011 ya bi cibiyoyi 166, inda aka biya kusan rabinsu gwargwadon aiki, sauran kuma aka ƙara masu kuɗi daidai da haka ba tare da sharaɗi ba. Haihuwa a likita ta ƙaru da kashi 23 cikin 100 a rukunin farko. Sai dai ba a ga bambanci ba wajen yawan matan da suka cika zuwa awon ciki sau huɗu, haka ma yaran da suka kammala rigakafi. Bayanin masu binciken shi ne, tsarin ya fi tasiri a ayyukan da aka sa wa farashi mai tsoka, kuma waɗanda suke hannun ma'aikata. Abin da ya dogara ga shawarar mai gida ko nisan hanya, tukwici bai motsa shi ba.

Gwajin da ya fi kusa da mu an yi shi ne a Najeriya, ƙarƙashin shirin NSHIP a jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo. An raba ƙananan hukumomi gida biyu. Wasu cibiyoyin aka biya su gwargwadon aiki har da tukwicin ma'aikata, wasu kuma aka zuba masu rabin wannan kuɗi kai tsaye a asusunsu, aka ba su ikon kashewa tare da kwamitin gari, aka riƙa kai masu ziyarar sa ido, babu tukwici. Dukkan rukunonin sun fi cibiyoyin da aka bari a tsohon tsari, kuma a yawancin ma'aunai tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. A 2022 Bankin Duniya da kansa, wanda ya daɗe yana tallata tsarin, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa babban ɓangaren ribar yana zuwa ne daga isar kuɗi hannun cibiya da ba ta 'yancin sarrafa su, kuma aikin tantance alƙaluma na cin kuɗi masu yawa.

Wannan darasi ne mai nauyi ga Tasawa da Mayahi. Sau da yawa abin da ake kira lalacin ma'aikata, idan aka bincika, firjin rigakafi ne da ya lalace, ko babur da ba mai, ko kantin magani da ya bushe.

Ramin farko: cima-zaune

Duk wanda ya taɓa aikin haɗin gwiwa ya san wanda ke ɓuya a bayan gumin wasu. Tun a 1913 wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa sakamakon gwajin jan igiya da ya nuna cewa yayin da masu ja ke ƙaruwa, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Venkatesh Sundararaman sun gwada ba malamai tukwici ta hanya biyu: wasu makarantu bisa ci gaban ɗaliban makarantar gaba ɗaya, wasu bisa ɗaliban kowane malami. A shekarar farko hanyoyin sun yi kunnen doki, a ta biyu ta ɗaiɗaiku ta wuce gaba.

Abin lura shi ne, makin ƙungiya ba ya maye gurbin idon shugaba. Idan ungozoma ɗaya ce ke kwana a cibiya, abokiyar aikinta kuma tana Maraɗi rabin wata, sannan a raba masu tukwici daidai, an hukunta mai ƙoƙari ke nan. Ba za a daɗe ba ita ma za ta nemi canjin wurin aiki, ko ta koyi halin abokiyarta.

Rami na biyu: kyautata takarda

Da zarar an ɗaura kuɗi ko kujera a kan wani adadi, sai adadin ya fara ƙarya. A yammacin Kenya, a ƙarshen shekarun 1990, an ba malamai kyaututtuka bisa matsakaicin makin makarantarsu. Binciken Paul Glewwe da Nauman Ilias da Michael Kremer ya gano cewa maki ya tashi, amma zuwan malamai aji bai gyaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne darussan shirya jarrabawa, kuma da aka janye kyautar sai ribar ta gushe.

Ba sai mun je Kenya ba. Masu bin rigakafin shan inna a ƙasar Hausa sun san labarin ayarin da ke shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da an ɗiga masa maganin ba, don takarda ta cika kuma a rabu lafiya da mai gidan da ya ƙi. Shi ya sa aka ƙirƙiro masu bin sawu masu zaman kansu, waɗanda bayan kamfe sukan zaɓi yara 60 a yanki su duba da idonsu. Ƙaryar da ƙungiya ta haɗu a kai ta fi ta mutum ɗaya wuyar ganowa, domin wanda ya fasa ƙwai ya taɓa aljihun abokan aikinsa.

Akwai wani binciken da ya kamata kowane shugaban gunduma ya sani. A shekarun 1990, Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta bi ayarin ma'aikatan jinya a asibitocin Amurka, tana tsammanin ayarin da suka fi jituwa za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Dalili kuwa, su ne ba sa jin tsoron faɗa. Idan aka mayar da adadin mace-macen jarirai ko na kurakurai abin rage wa cibiya kuɗi, cibiyar da ta fi gaskiya ita za ta fi shan wuya, mai ɓoyewa kuma ta karɓi yabo.

Rami na uku: tiya ɗaya ga gona biyu

Cibiyar da ke cikin garin Tasawa ko Maijirgi, a bakin babbar hanyar kwalta da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, ba daidai take da ta ƙauyukan Urafan ko Gidan Amumun ba, inda rairayi ke cinye tayar mota, ma'aikaci kuma ke ɗaukar tura shi can a matsayin horo. A Hawandawaki, kusa da iyakar Najeriya, jama'a na tsallakawa ta kowane ɓangare don neman magani, ga shi adadin mutanen da ake cewa cibiya ta kula da su hasashe ne da aka gina kan ƙidayar 2012. Cibiya na iya zarce abin da aka sa mata ko ta gaza kaiwa, ba don ƙwazo ko lalaci ba, sai don lissafin tushe ya kauce.

Idan aka jera waɗannan cibiyoyi a layi ɗaya aka ce ta ɗaya, ta biyu, ta ƙarshe, sakamakon a bayyane yake tun kafin a fara. Mai hali zai ƙara samu, na nesa ya ƙara rasawa, ƙwararrun ma'aikata su ƙara gudun daji. Masu tsara irin wannan shiri sukan tanadi ƙarin kaso ga cibiyoyi masu nisa, kuma wannan daidai ne. Abin da ya fi shi ma'ana shi ne a gwada kowace cibiya da kanta: ina take bara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, ina take bana?

Rabon cikin gida

A nan ne rigima ta fi tashi, kuma a nan ne rahotanni suka fi yin shiru. A cibiya ɗaya za ka tarar da cikakken ma'aikacin gwamnati, da ɗan kwantiragi, da mai bautar ƙasa, da ɗan sa-kai da ya gama makarantar koyon jinya yana jiran a ɗauke shi, da ungozomar gargajiya, da lebura. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun shafe shekaru suna nuna tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da abin da ake yi a zahiri a ma'aikatun Nijar, har da yadda kaso mai yawa na aikin yau da kullum ke faɗawa kan waɗanda ba su da matsayi a takarda.

Ƙa'idar rabon tukwici yawanci tana duba muƙami, da daɗewa a aiki, da halarta, da makin da shugaba ya ba kowa. Idan muƙami ya rinjayi sauran, wanda ya fi kowa gumi shi zai fi kowa ƙaramin rabo. Idan kuma makin shugaba ya rinjaya ba tare da kowa ya ga yadda aka yi ba, an buɗe ƙofar 'yan lele da 'yan bora.

Maganin wannan ma a Maraɗi aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a wannan jiha, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama na duniya. Sirrinsa ba wani boyayye ba ne: akwatin kuɗi a gaban kowa ake buɗe shi, a gaban kowa ake ƙirgawa, kuma makullansa ba a hannun mace ɗaya suke ba. Matan da yawancinsu ba su shiga aji ba sun riƙe amanar kuɗi ta wannan hanya fiye da shekara 30. Babu dalilin da zai hana cibiyar lafiya liƙa takardar abin da ta samu da yadda aka raba a bango, inda mai shara ma zai gani.

Wa ke auna mai awo?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsakanin 2005 da 2006 Nijar ta mayar da kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta, bisa alkawarin cewa cibiyoyi su yi aiki, gwamnati ta biya su daga baya. Manufar ta taimaka wajen rage mutuwar yara. Amma biyan ya riƙa jinkiri, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantunan magani na cibiyoyi da dama suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya. Jama'a kuwa manjon da suke gani suka zarga, tunda shi ne a gabansu. Malaman kwantiragi ma sun san wannan labari, na albashin da ke makara da kwanakin da aji ke rufe saboda an tafi gari karɓar kuɗi.

Saboda haka duk takardar awon da za a kawo wa cibiya ko makaranta ya kamata ta zo da shafi biyu. Shafin farko ya nuna abin da ma'aikata suka yi. Na biyu ya nuna abin da aka yi masu: ranar da kuɗinsu ya shigo idan aka gwada da ranar da aka alkawarta, kwana nawa aka yi babu muhimman magunguna, sau nawa masu sa ido na gunduma suka zo, guraben aiki nawa ne babu kowa. A karanta shafukan biyu a zama ɗaya. Awon da ke gangarowa ƙasa kawai, ba ya hawa sama, ma'aikata za su ɗauke shi a matsayin bulala, kuma wanda ake bi da bulala dabarar kaucewa yake koya.

Wa zai karanta wannan takarda a madadin jama'a? Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu zaɓaɓɓen kansilan da talaka zai tare a kasuwa ya tambaya. Wannan ya ƙara wa kwamitocin gari nauyi, wato na kula da cibiyoyin lafiya da na makarantu. Nijar tana da tarihi mai kyau a nan. Shirin Makaranta Don Kowa da hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a jihar Tawa a 2004 ya kafu ne kan zaɓen 'yan kwamiti ta ƙuri'ar sirri da taron gari inda ake tsara aikin shekara, daga baya a dawo a faɗi abin da aka yi da abin da aka kashe. An faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya, kuma kwamitocin su ne ake kira CGDES a yau. Inda suke da rai, gari ya san malamin da ke zuwa da wanda ba ya zuwa fiye da duk wani sufeto. Inda suka zama 'yan amshin shata, suna ne kawai a takarda.

Rawar matasa da 'yan ci-rani

Da yawa daga masu karanta wannan sharhi suna aiki a kamfanoni da ƙungiyoyi a Yamai, Kano, Abuja, Abijan ko Turai, kuma sun san zaman tantancewar ƙarshen shekara. Sun san yadda yake idan shugaba ya ba ka maki kan abin da ba a ba ka kayan yin sa ba. Manyan kamfanonin duniya ma sun yi tuntuɓe a nan. A 2013 Microsoft ya yi watsi da tsarinsa na jera ma'aikata daga gwani zuwa na ƙarshe, bayan shekaru ana kukan cewa yana sa abokan aiki gasa da juna maimakon taimakon juna.

Waɗannan matasa su ne kuma ke aika kuɗi gida, su ne ke haɗa gudummawa a zaurukan WhatsApp na 'yan gari don gina aji ko gyara ɗakin haihuwa. Wanda ya sa kuɗinsa yana da bakin tambaya. Kafin a sake tara wata gudummawar, a tambayi kwamitin gari yaushe ya yi taronsa na ƙarshe, kuma wa ya halarta. A tambayi ko an liƙa kuɗin shiga da na fita a bango. A tambayi 'yan sa-kai nawa ne ke aiki a cibiyar da abin da suke samu. A tambayi wata nawa cibiyar ke bin gwamnati ko wani shiri bashi. Amsoshin za su nuna ko matsalar garin ta gini ce, ko ta ma'aikata, ko ta waɗanda ke sama da su. Sau da yawa za a tarar man babur na wata shida ya fi sabon fenti amfani.

Su ma ƙungiyoyin ƙwadago suna da zaɓi. Ƙin awo gaba ɗaya, kamar yadda aka gwada a 2017, ya bar malamai da dama ba aiki, kuma bai gamsar da iyayen da 'ya'yansu ba su iya karatu ba. Matsayin da zai fi ƙarfi shi ne su ce sun yarda a auna su, su kawo nasu ma'aunin, su dage a kan shafi na biyu.

A kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, mai sayen gero ba ya fara ciniki sai ya ɗauki tiyar ya juya ta, ya duba ko an bubbuga gindinta. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin haka, don ya san gobe ma za a dawo wurinsa. Ma'aikatan lafiya da malaman waɗannan gundumomi suna da haƙƙin su yi wa ma'aunin da ake auna su da shi irin wannan duba, jama'ar da suke yi wa aiki kuma suna da haƙƙin tsayawa a wurin lokacin da ake awon.